Taimama a Gidan Burtsatse

Duk unguwar nan ta Funtua, in dai aka ɗauko maganar tsafta, sunan Hajiya Jamila matar Alhaji Saminu mai masara ne ke fara faɗowa. Har abin kwatance mata suka mayar da ita. Yarinya ta wanke kwano ta bar maiƙo, sai ka ji uwar ta ce, "Da gidan Hajiya Jamila ne, da yau kin gane kurenki." Gida ne da aka shimfiɗe da farin tayil tun daga soro har bakin makewayi, kuma sau uku ake wanke shi kullum: da hantsi, bayan azahar, da kuma gab da magariba. Baƙo ba ya shiga sai ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya tsoma ƙafa a bahon da aka tanada, sannan a miƙo masa silifan baƙi. Masu tsiya suna cewa ko ƙuda ne ya ɓace hanya ya faɗa gidan, haƙuri yake bayarwa ya juya.

Mairo ba ta musun tsaftar gidan, don ita ce ke shan ruwanta. Katanga ɗaya ce ta raba su ta baya, kuma magudanar gidan Alhaji a daidai ƙofarta ta ɓullo. Dattijuwa ce da mijinta ya daɗe da rasuwa, tana tuyar ƙuli-ƙuli, tana kiwon awaki uku, sannan ita ce mai wankan gawar mata a unguwar. Ba ta da agogo, ba ta kuma bukata. Da zarar ta ga ruwan kumfa mai ƙamshin lemon tsami ya gangaro ta ƙofarta, ta san lokacin da ake ciki. "Tayil ya yi wankan azahar," sai ta ce wa awakinta, "bari ni ma in tashi in yi alwala."

Da bazara ne aka kawo Baturiya, mahaifiyar Alhaji Saminu, daga ƙauyensu na bayan Malumfashi, wai a duba mata hawan jini. Mairo ta san ta tun da daɗewa. 'Yar tsohuwa ce fara, siririya, wadda a zamaninta ba a yi wa amarya daɓen ɗaki a ƙauyuka biyar sai an aika mata. In ta daɓe ƙasa ta shafe da makuba, sai ka rantse za ka ga fuskarka a ciki. Ƙoranta kuwa, toka da yashi take dirza su har su yi fari fat. Kwana biyu da zuwanta ta nemo tsintsiya ta fara sharar tsakar gida da sassafe, kamar yadda ta saba shekara saba'in. Hajiya ta fito da gudu ta karɓe tsintsiyar.

"Haba Inna, kina so ki kakkarce mana tayil? Nan ba a shara da wannan. Ki huta kawai."

To, ta huta. Sati uku bayan nan, ta fito da butarta bayan azahar, ba ta san an gama wanke tsakar gida ba, ƙafa ta kwashe ta, ta faɗi a kan kwatangwalo. Mairo ta ji ƙarar daga gidanta. Ta kuma ji muryar Hajiya tana cewa, "Wayyo, a ɗaga ta a hankali, ga butar can ta zube, a kawo mofa a goge!"

Aka kira mai ɗori ya ɗaure. Kwana huɗu ta yi a ɗakin baƙi, a na biyar aka ce ɗakin ya fara zarni, katifar kuma sabuwa ce. Sai aka mayar da ita ɗan ɗakin da ke ƙuryar baya, inda a da ake ajiye gawayi. Shi kaɗai ne ya rage daga tsohon ginin ƙasa, shi kaɗai ne kuma tayil bai kai gare shi ba. Hajiya ta ce wa masu zuwa dubiya tsohuwa ce da kanta ta zaɓa, wai ta fi sabawa da ƙasa, kuma tana barci, kada a tashe ta. Masu dubiya suka sha lemo a falo, suka yaba labule, suka tafi.

Ɗakin gawayin nan bangonsa shi ne katangar Mairo, kuma yana da 'yar taga can sama mai sandunan ƙarfe, wadda hannu kawai ke iya shiga. Wata ranar Laraba da hantsi Mairo na matsar ƙuli sai ta ji ana kiran sunanta ƙasa-ƙasa. Ta kifa turmi, ta taka, ta leƙa. Warin da ya buge ta sai da ta kama ƙarfen taga don kada ta faɗo, ita da ta shekara ashirin tana wankan gawa.

"Yaya Baturiya, ke ce a nan?"

"Ni ce, Mairo. Ki yi haƙuri da warin, wallahi ba halina ba ne."

Tana kwance a kan tabarma, ga kwanon tuwo a bakin ƙofa an ɗiga masa jan fenti don kada ya haɗu da na gida, ga ƙaramin kofin ruwan sha, ga kaskon bayan gida a gefe. Ta ce mai wankau da ke zuwa Litinin da Alhamis ita ke kwashe kaskon da ɗaurarren hanci, an kuma gargaɗe ta kada ta kuskura ta taɓa tsohuwa ta zo ta taɓa kayan wanki.

"Yaushe rabonki da wanka?"

"Tun ranar da na faɗi." Ta ɗago ido ta dubi tagar. "Bokiti ɗaya nake so, Mairo. Ɗaya tak. In an zaunar da ni, ni zan cuɗa kaina, hannuwana lafiya lau suke."

"To salla fa?"

Baturiya ta miƙa tafukanta biyu ta dafa bangon ƙasa da ke gefen kanta, ta shafa fuska. Taimama take yi. A daidai lokacin injin rijiyar burtsatse na gidan ya ɗauka, ruwa ya cika tanki har yana ambaliya ta sama, yana zuba shaa a kan tayil. Mairo ta sauko daga turmin.

Ko hannu ba ta tsaya wankewa ba, ta yafa mayafi ta zagaya ta ƙofar gaba. Sai da aka sa ta tsoma ƙafa a baho sau biyu, sannan Hajiya ta fito tana ƙamshi, ta tsaya nesa kaɗan. Da ma ba ta son Mairo a gidanta. A ganinta mai taɓa gawa, ko da sabulun duniya ta yi wanka, akwai saura.

"Baba Mairo, lafiya da rana tsaka?"

"Lafiya ƙalau, Hajiya. Izini na zo nema, in riƙa shigowa ina yi wa tsohuwa wanka. Ba sai kin ɗaga ko tsinke ba."

"Allah sarki, Allah ya ba da lada. Ai mai ɗori ne ya ce kada ruwa ya taɓa wurin."

"Wata ɗaya ke nan da ɗorin, Hajiya. Kuma ɗorin a kwatangwalo yake, ba a fuska ba."

Hajiya ta gyara zaman gyale. "Matsalar ita ce, ɗakin ba shi da magudana. In aka yi mata wanka, ruwan ta tsakar gida zai biyo. Ruwan jikin majinyaci fa, Baba Mairo! Ƙwayoyin cuta ne zalla, ku ba ku ganinsu ne kawai. Ina da yara a gidan nan." Sai ta rage murya. "Kuma kin san asalinsu, mutanen gona ne, ba su damu da irin wannan ba. Ko an yi mata ba ta san an yi ba."

Mairo ta dube ta tun daga ɗankwali har silifa. Ta so ta ce mata wannan da kike cewa ba ta damu ba, ita ta wanke wa mijinki kashi da hannunta har ya zama Alhaji. Ta haɗiye, don ta san in ta faɗa, ƙofar ce za a rufe gaba ɗaya. Ta ce, "To shi ke nan, Allah ya ba ta lafiya." Tana juyawa ta ji Hajiya na cewa a zubar da ruwan bahon a sake sabo.

Ta ce bari ta gwada ɗan, ai uwa uwa ce. Ranar Juma'a da safe ta same shi a ƙofar gida, ya naɗe hannun riga, yana feshe tayoyin motarsa da tiyo, don jiya ya dawo daga kasuwar Bakori motar ta kwaso jar ƙura. Mutum ne mai fara'a, ba ya wuce maƙwabci bai gaisa ba.

"A'a, Baba Mairo! Ina kwana, ya awaki?"

"Suna nan suna gaishe ka, Alhaji. Ka leƙa tsohuwa kuwa kwanan nan?"

"Kullum! Kullum sai na tsaya daga ƙofa na gaishe ta. Ba na shiga ne saboda kin san sha'anin mata, akwai kunya."

"Ruwan wanka take roƙo, Alhaji."

Ya kashe tiyon, ya yi fuskar tausayi. "Wallahi harkar cikin gida Hajiya ce ke riƙe da ita, kuma kowa ya shaida ba a fi ta tsafta ba. In ta ce a dakata, akwai dalili. Amma kin tuna mini, bari ki gani." Ya buɗe mota ya ɗauko gwangwanin turaren feshi, irin na ɗaki. "Daga Kaduna na sayo, mai tsada ne. Zan sa a riƙa fesa mata safe da yamma."

Ya kunna tiyonsa ya koma kan taya. Mairo ta tsaya tana kallon ruwan da ya shanye taya ɗaya kawai, ta ga ya isa a yi wa tsofaffi uku wanka har da wanke kai. Kuma Allah ya sani ya cika alkawari. Tun daga ranar, safe da yamma sai a miƙo hannu ta bakin ƙofa a fesa fiss, a ja ƙofa. Turare ya haɗu da zarni, suka haifi wani wari da ba shi da suna. Baturiya ta kama tari.

Da Mairo ta ga ba sarki sai Allah, sai ta koma ga turminta. Kullum da hantsi ta jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ta ɗaura a bakin sanda, ta zura ta taga. Baturiya ta goge fuska, da wuya, da hammata, ta mayar, a sake jiƙawa. Ranar farko kuka ta yi, tana shinshinar tsumman tana sa albarka. Har ta fara tsokana. Ta ce, "Mairo, in na miƙe sai na daɓe miki ɗakin nan naki, don na leƙa ranar da na zo, ƙasarsa kamar gonar da aka yi wa huɗa." Mairo ta ce, "Ke dai miƙe, makuba ni zan jiƙa." Sai dai tsumma ba ya kai wa baya, kuma bayan ne kwanciya ta fara ci.

Kwana tara suka yi a haka. A na goma Hajiya ta zo feshin turare ta ga sanda na shigowa ta taga da tsumma yana ɗiga. Ba ta yi faɗa ba, ita ba ta faɗa, sai nasiha. Ta ce tsumma daga gidan awaki, wa ya san abin da ke jikinsa? Da yamma kafinta ya zo ya buga fallen kwano a kan tagar. Aka gaya wa Alhaji saboda sauro ne, damina ta kusa. Alhaji ya ce kai, Allah ya yi wa Hajiya albarka, ita komai sai ta yi tunaninsa.

Kai jama'a! Wai saboda sauro.

Damina ta sauka, ɗakin ya yi danshi, kiyashi suka yi layi ta ƙarƙashin katanga har cikin gidan Mairo. Ta bi layin da ido, ta ga ɗakin da Baturiya ke kwance suka nufa. Ta je wa matar liman, Lami, da maganar. Lami ta ɗauki mayafi ta tafi dubiya, aka zaunar da ita a falo, aka ce tsohuwa yanzun nan barci ya ɗauke ta. Ta dawo tana ce wa Mairo, "Anya kuwa? Gidan nan fa ko allura ka yar sai ka gan ta. Ki bi a hankali, kada a ce hassada ce." Ganin kitse ake yi wa rogo, amma wa zai yarda da mai ƙuli-ƙuli a kan Hajiya Jamila? Abin da ya rage wa Mairo shi ne ta hau turmi ta manna baki a tsagar da ke tsakanin kwanon da bango, su yi magana. Muryar Baturiya kullum ƙara nisa take yi.

Ranar wata Asabar aka cika gidan Alhaji da mata. Ƙungiyar matan unguwa masu rajin tsafta ce ke taro, kuma Hajiya ce shugaba. An ɗauko lasifika, an jera kujeru a kan tayil, ana rarraba tsintsiyar roba da sabulu. Mairo na kan turminta tana jin komai.

"'Yan uwana mata," in ji Hajiya, muryarta na tashi har lungu na uku, "tsafta cikon addini ce! Macen da ta bar kwano ya kwana ba a wanke ba, me za ta ce wa Ubangijinta? Ku duba lungu-lungu na gidajenku, don datti a ɓoye yake zama!"

Aka tafa, wata ta rangaɗa guɗa.

"Mairo," in ji muryar da ke bayan kwanon, "kina nan?"

"Ina nan, Yaya."

"Wa'azi ake yi?"

"Wa'azin tsafta."

Sai ta ji wata 'yar dariya, wadda ta ƙare da tari. Can Baturiya ta ce, "Na daina roƙon bokitin nan, Mairo. Abu biyu nake so yanzu. In ta Allah ta kasance, ke za ki wanke ni, kada a kira wata. Kuma abin da kika gani a jikina, ki bar shi a cikinki. Ni mace ce mai tsafta, Mairo. Kada a je ƙauyenmu a ce Baturiya mai daɓe da ƙazanta ta mutu."

Mairo ta kifa goshi a bango, hawaye na bin kumatunta. Baƙin ciki da fushi suka haɗu suka cika mata ciki, har ta rasa wanda ya fi. Ta ce, "Na ɗauka, Yaya. Da ma mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani, haka aka koya mana." A can tsakar gida aka sake tafawa, ana miƙa wa Hajiya kyautar bokiti mai mariƙin mofa.

Ranar Talata da safe Mairo ta hau turmi ta yi kira sau uku, shiru. Ta buga kwanon da tafin hannu, shiru. Ta zagaya da gudu ta dinga dukan ƙofar gaba har aka buɗe. Ashe tuwon daren jiya na nan a bakin ƙofa ba a taɓa ba, wanda ya zo feshin turaren safe ya fesa a kansa ya ja ƙofa ya tafi.

Kafin hantsi gida ya cika. An yi ruwa da asuba, lungu duk jar laka, amma ko a ranar mutuwa bahon wanke ƙafa na nan a soro, mata na layi suna tsomawa suna salati. Hajiya na zaune a tsakiya da carbi, ido ya yi ja, tana gaya wa kowa yadda ta yi ta fama da jinya wata huɗu. Alhaji da kansa ya zo ƙofar Mairo ya ce, "Baba, a taimaka a suturta ta. Ga famfo nan a tsakar gida, ruwa sai wanda kika ga dama."

Mairo ta ce, "Ina zuwa."

Ta ɗauki ganyen magarya, da sabulun salo, da sabon soso. Ta dafa ruwa a tukunyarta, ta sirka daga randarta, ta cika bokiti ta ɗora a ka. Ta bi ta cikin laka ba takalmi, ta wuce bahon soro ko kallonsa ba ta yi ba, ta ratsa farin tayil tun daga ƙofa har ɗakin gawayi. Kowane taku sai ya bar jan sawu ɓaro-ɓaro. Hajiya ta tsaya da jan carbi.

"Baba Mairo," ta ce a hankali, "ƙafa..."

Mairo ba ta waiga ba. Ta kira Lami matar liman ta zo ta riƙa zuba mata ruwa, ta ja ƙofa. Abin da suka gani a ciki yana cikinsu har gobe. Lami dai ta fito ɗauko likkafani, aka ga tana tafiya tana dafa bango, ba ta iya amsa gaisuwar kowa ba.

Bokiti ɗaya bai isa ba. Mairo ta fito, ta wuce famfon da ke tsakar gida, ta koma gidanta ta ciko, ta dawo. Ta sake fita, ta sake dawowa. Sawu ya hau kan sawu har ya zama hanya ja, tun daga soro zuwa ƙuryar baya, wadda ko makaho zai iya bi. Mata suka riƙa bin hanyar da ido, ana tambayar juna a raɗa: wai a can take kwance? Ba ɗakin gawayi ba ne can? A zuwa na biyar wata dattijuwa daga dangin Hajiya ta kasa haƙuri.

"Ke kuwa baiwar Allah, ga famfo a gabanki, me ya sa kike wahalar da kanki? Maza na waje suna jira."

Mairo ta sauke bokitin, ta share zufa. Ba ta ɗaga murya ba, amma ba wanda bai ji ba.

"Ruwan gidan nan na tayil ne. Wata huɗu tana roƙon bokiti ɗaya a cikinsa ba a ba ta ba. Ba zan zuba mata shi yau da ba ta da bakin cewa ta yafe ba."

"Ƙarya ne!" Hajiya Jamila ta miƙe, carbi ya faɗi. "Sharri ne! To faɗi, me kika gani a jikinta?"

"Ni? Ban ga komai ba. Mai wanka ba ta gani. Baturiya mace ce mai tsafta, da tsaftarta ta zo, da ita za ta koma." Ta ɗauki bokitinta. "Asirin mamaci aka ce in rufa, kuma na rufa. Ba a ce in rufa na bango ba."

Da suka gama, suka sa mata likkafani fari tas, ƙamshin magarya ya kori na feshi, sai Mairo ta aika a kira Alhaji ya yi bankwana da mahaifiyarsa. Ya biyo jan sawun nan, ya sunkuya ya shiga ɗakin, karo na farko tun da aka kai ta. Mairo ta buɗe ƙofar gaba ɗaya don haske ya shiga, mata suka taso suka yi cirko-cirko a baya. A jikin bangon ƙasa, daidai inda kanta yake, akwai wuri guda da ya lotsa ya yi sumul, siffar tafin hannu biyu, yatsu goma a jere. Sau biyar kullum, wata huɗu, har ƙasar ta cinye.

Alhaji ya ƙura ido. "Baba, mene ne wannan?"

"Famfon mahaifiyarka ke nan, Alhaji. A nan take alwala."

Ya ɗora tafukansa a cikin gurbin, nasa suka rufe nata suka yi saura. Sai ya durƙushe a ƙasan da bai taɓa takawa ba, ya fashe da kuka irin na yaron da ya ɓata a kasuwa. Ba wadda ta ce masa ya yi haƙuri. Mata suka fara zare silifan baƙi ɗaya bayan ɗaya, suna ajiyewa a tsakar gida, suna fita ba sallama. Da aka ɗauki makara aka bi ta tsakar gida da ita, Hajiya na rakuɓe a jikin ginshiƙi, kuka take yi da gaske, amma wallahi idonta na kan laka.

Bayan la'asar Mairo na zaune a ƙofarta, hannuwanta a kan gwiwa, ko wutar tuya ba ta hura ba. Sai ta ji motsi ta bayan katanga. An ɓamɓare kwanon taga, ana jan abu, ana kankare bango. Can ta ji an watsa ruwa, yaa! Aka sake watsawa. Ashe ɗakin yana da hanyar ruwa, 'yar tsintsiya kawai ake sa wa a kora shi zuwa magudana. Ruwan kumfa mai ƙamshin lemon tsami ya gangaro ta ƙofarta, ya fi na kullum yawa, ya yi ta wucewa.

Mairo ta ƙirga da kunnenta. Bokiti goma sha huɗu aka zuba wa ɗakin gawayi a yammacin nan, ba ruwan jinya da ya hana, ba ƙwayar cuta da ta tsorata kowa. Ta dubi awakinta, ta share ido da bakin zane.

"Kun ji ko? Ɗakin ya samu sha huɗu," ta ce. "Ita ɗaya ta roƙa."